Tsakin kamfanin ƙyanƙyasa zai iya cin gasar kaji ta yara a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a jihar Ohio. 'Yata mai shekara 10 ta shiga ƙungiyar 4-H mai koya wa yara noma da kiwo, kuma ta nace sai ta yi kiwon kaji ta kai su gasar baje kolin gundumarmu. Na shirya zan yi odar 'yan tsaki daga wani kamfanin ƙyanƙyasa, sai wata mata a ƙungiyar ta ce mini kada in ɓata kuɗina, tsakin kamfani ba ya cin gasa, sai dai in nemi na masu kiwon tsantsar iri, waɗanda kuɗinsu ya ninka sau da yawa. Gaskiya ne, ko dai cika baki ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana ita, ya sa albarka a wannan sha'awa tata. Na yi shekaru ina harkar kaji, a gida da kuma nan, na kuma taya yara da dama shirin irin wannan gasa, shi ya sa tambayarki ta taɓa ni.

Matar nan ta faɗa miki rabin gaskiya. Akwai rukunin gasar da tsakin kamfani zai sha wuya a cikinsa, akwai kuma rukunan da ba a shiga da komai sai tsakin kamfani. Don haka kafin ki fitar da ko dala ɗaya, ku zauna ke da yarinyar ku san wane rukuni za ta shiga. Kuskuren da na fi gani wajen iyaye shi ne a sayi tsaki tukuna saboda hotonsa ya yi kyau a kundin talla, sai gasa ta matso a fara neman inda za a cusa shi.

Ita 4-H a jiharku ta samo ɗaya daga cikin tushenta, domin a gundumar Clark ta Ohio ne A. B. Graham ya tara yara a ƙungiyar koyon noma a 1902, sannan dokar Smith-Lever ta 1914 ta kafa tsarin malaman gona da ke riƙe da ita har yau. A Ohio, ofishin malaman gona na Jami'ar Jihar Ohio da ke kowace gunduma shi ke kula da ita, kuma kowace gunduma tana da littafin dokokin gasarta. Ki nemi na gundumarku yau, domin dokar maƙwabtanku ba lallai ta zama taku ba. A mafi yawan wurare za ki tarar an raba kaji kashi huɗu: gasar tsantsar iri, gasar kajin nama, gasar kajin ƙwai, da gasar iya nuna kaza, wadda a cikinta yaron ake aunawa ba kazar ba.

Bari in fara da abin da kamfanin ƙyanƙyasa yake, domin ana yi masa rashin adalci. Manyan kamfanonin nan sun daɗe: Murray McMurray na Iowa tun 1917, Cackle na Missouri tun 1936. Gidan waya na Amurka kuma yana ɗaukar tsakin kwana ɗaya tun 1918. Sana'arsu ita ce su fitar da dubban 'yan tsaki masu lafiya kowane mako, a farashin da talaka zai iya, waɗanda za su girma su yi ƙwai da yawa. Wannan aikin sun iya shi. Amma ki duba yadda ake samar da ƙwan: garke guda na kaji ɗaruruwa, an saki zakaru a cikinsu, kowanne ya bi wadda ya ga dama. Kazar da ta fi yin ƙwai ita ce ta fi barin 'ya'ya a zuriya ta gaba, ko da launinta ya kauce ko jelarta ta miƙe. Shekara bayan shekara, garken sai ya karkata zuwa kaza mai ƙaramin jiki, mai saurin balaga, mai yawan ƙwai. Babu wanda ya yi ha'inci a nan. Abin da aka zaɓa shi aka samu.

Mai kiwon tsantsar iri kuwa zakara ɗaya yake warewa da kaji biyu ko uku, bayan ya daɗe yana kallonsu. Ya ƙyanƙyashe tsaki masu yawa, ya raine su wata da watanni, sannan ya ajiye 'yan kaɗan ya sallami sauran. Kuɗin da kike ganin ya yi yawa, kuɗin abincin waɗanda aka sallama ne. Ki ɗauke shi kamar dokin hawan daba da dokin sukuwa: duka dawakai ne lafiyayyu, amma ba wanda zai kawo na sukuwa ya ɗora masa lifidi ya ce sai ya fi na sarki cika ido.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Rhode Island Red. A ma'auni, ja ne mai duhu sosai, kamar jan katakon maɗaci da aka goge, jiki dogo mai kusurwa kamar bulo, baya a shimfiɗe, nauyin zakara fam 8 da rabi, kaza fam 6 da rabi. Wadda za ta fito daga akwatin kamfani sau da yawa ja ce mai haske, wani lokaci har ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, jiki siriri, jela a ɗage. Za ta cika miki kwando da ƙwai, amma a jere ta kusa da ta masu kiwo ko ɗan yaye zai ce ba iri ɗaya ba ne. Haka Barred Plymouth Rock: ta gasa zanenta baƙi da fari a jere yake tsaf kamar saƙar zare, ta kamfani kuwa zanen a cakuɗe yake. Buff Orpington ta gasa kamar tulu take don faɗi da cikar gashi, kaza fam 8, zakara fam 10, ta kamfani da wuya ta kai.

Wannan ma'auni da nake ta ambata rubutacce ne. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka, APA, an kafa ta a 1873, ta fitar da littafin ma'auninta a 1874, wanda yau ake kira Standard of Perfection. Ƙananan kajin da ake kira bantam suna da tasu ƙungiyar, ABA, tun 1914. Alƙalin gasar tsantsar iri ba kyau yake nema yadda ni da ke muka san kyau ba. Yana gwada kazar da abin da aka rubuta game da irinta: siffar jiki da farko, sannan launi, sannan yanayin lafiya da tsabta. Akwai aibin da ke rage maki kawai, akwai kuma wanda ke fitar da kaza daga gasa gaba ɗaya komai kyanta: ɗan tsiro a gefen zanko, tsiron gashi a ƙafar irin da ba a san shi da gashin ƙafa ba, jelar da ta karkace gefe guda, ko yawan yatsun da bai dace da irin ba. Silkie, alal misali, yatsu biyar gare ta da baƙar fata. A garken kamfani mai yatsu huɗu takan fito, kuma ba wanda ya tsaya ƙirgawa kafin a rufe akwati.

Akwai abin da na gani da idona da ba na son 'yarki ta gani. Wani yaro ɗan shekara 11 ya raini kaza tun tana tsako, an sayar masa da ita da suna mai kama da Ameraucana. Tana da gemu da saje, tana yin ƙwai mai launin kore-kore, ta saba da shi har tana hawa kafaɗarsa. Ya wanke ta tas, ya rubuta Ameraucana a katin keji. Alƙali ya ɗauke ta, ya dubi ƙafa ya ga kore ce maimakon shuɗi mai toka-toka, ya dubi gashi ya ga launin ba ya cikin waɗanda aka amince da su, ya rubuta a katin cewa an fitar da ita. Yaron ya tsaya gaban kejin yana maimaita karanta katin, hannunsa cikin waya yana shafa wuyan kazar, bai ce uffan ba. Kazar ruwa-biyu ce, irin da ake kira Easter Egger, wadda kowace takan fito da launinta daban. Kaza ce mai kyau ƙwarai ga gida, amma ba iri ba ce a ma'auni. Ameraucana ta gaskiya an shigar da ita ma'auni a 1984 da launuka ƙididdigaggu. Ba laifin yaron ba ne, kuma da wani babba ya buɗe littafin tun a watan Maris, da an sa shi a rukunin da zai fito da kai a sama. Har yau in na tuna tsayuwar yaron nan sai raina ya sosu.

To ina tsakin kamfani yake cin kasuwarsa? A gasar kajin nama, wato burola. A nan babu maganar mai kiwon tsantsar iri sam, domin kazar da ake amfani da ita, Cornish Cross, haɗin kamfani ce tun asali. Gundumomi da yawa ma su suke yin odar gaba ɗaya daga kamfani guda, a raba wa yara rana ɗaya, don kada wani ya fi wani da iri. A manyan gasannin Texas, irin ta Houston, daga sashen nazarin kaji na Jami'ar Texas A&M tsakin suke fitowa da lamba a maƙale a fiffike. Sai ya zama abin da ya rage shi ne kiwo: wa ya fi kula da ruwa, da abinci, da busasshiyar shimfiɗa. Cikin mako 6 zuwa 8 an gama. Yawanci yaro zai raini fiye da abin da yake buƙata, sannan ya zaɓi uku, ko biyu a wasu wuraren, waɗanda suka fi kama da juna. Alƙali zai juya kowace ya shafa ƙirjinta, yana neman tsawo da faɗi da cikar tsoka, yana duba ko akwai ƙurji a ƙirji ko ƙujewa ko taruwar jini. Kaji uku matsakaita masu kama ɗaya kan doke ƙatuwa ɗaya da ƙanana biyu.

Amma ki sani burola ba abokiyar wasa ba ce. Tana ci ba ƙaƙƙautawa, kashinta da yawa, zafin watan Yuli yana kashe ta cikin sauƙi, ƙarshenta kuma yanka ne. A gaya wa yarinyar wannan tun ranar farko. A gundumomi da dama waɗanda suka ci ana yin gwanjonsu, wani lokaci daga nan mahauta za su wuce, ba za su dawo gida ba. Ki tambayi wannan tun da wuri. Ragowar da ba a kai gasa ba naku ne, maigida ya yanka da bisimilla, ku sami naman da kuka san abin da ya ci. Idan kuma an ba su wani magani, a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikinsa kafin yanka.

Gasar kajin ƙwai ma ta tsakin kamfani ce. A nan jajayen nan masu haske da na ce ba za su ci a tsantsar iri ba, su ne sarauniyoyi. Alƙali yatsunsa yake sawa tsakanin ƙasusuwan ƙugu ya ga ko uku za su shiga, ya taɓa ciki ya ji laushi, ya duba yadda launin rawaya ya koɗe daga baki da ƙafa, domin kazar da ke zuba ƙwai sosai launin nan janyewa yake yi. Wanda ya san ShikaBrown da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ya san irin kazar da nake nufi: an gina ta don ƙwai, da ƙwai za a auna ta.

Rukunin da na fi so wa yaro sabon shiga shi ne na iya nuna kaza, kuma a nan zan ɗan daɗe. Yara sukan jeru a bayan dogon tebur, kowa da kazarsa a hannu. Alƙali zai ce a nuna masa kai, yarinya ta ɗago kazar daidai fuskarta ta juya kan hagu da dama. Ya ce fiffike, ta buɗe shi kamar mafici ta nuna gashin a jere. Ya ce ƙirji, ta juyar da ita a hankali ta bi ƙashin da yatsa. Ta nuna ƙafafu, ta buɗe gashi ta nuna ba ƙwarƙwata, ta ajiye ta a tebur kazar ta tsaya cak. Sannan a sa ta cikin keji da kai gaba, a fito da ita da kai gaba, don kada gashin fiffike ya karye. Daga nan tambayoyi: wane iri ce, daga ina asalinta, me kike ba ta, kwana nawa ƙwai yake yi kafin ya ƙyanƙyashe. Amsar ita ce 21, kuma yaron da ya raini kazarsa da kansa ba ya ɗar wajen irin waɗannan. Wani alƙalin har zai ce, mene ne aibin kazarki? Na taɓa jin wata yarinya ta amsa kai tsaye cewa launin tata ya yi haske fiye da ma'auni saboda daga kamfani ta fito. Alƙalin ya gyaɗa kai, domin abin da yake son ji ke nan: ta san abin da ke hannunta. Kazar dala biyar mai hankali da aka saba ɗauka kullum ta fi ta dala hamsin mai firgita a wannan tebur. Ga hannun 'yar shekara 10, ƙaramar bantam irin Cochin ko Old English Game ta fi sauƙin riƙewa a kan babbar kaza.

Idan kuma zuciyarta tana kan tsantsar iri, to matar nan ta yi gaskiya, a nemi mai kiwo. Kun yi sa'a, domin a Columbus ake yin Ohio National duk watan Nuwamba, ɗaya daga cikin manyan gasannin kaji a ƙasar nan, kuma akwai sashen sayarwa. Ki kai ta ta zagaya, ta ga yadda irin da take so yake a gaske, ta yi wa masu kiwo tambaya da bakinta. Da yawansu dattawa ne masu son su ga yara sun gaji sana'ar, in suka ji 'yar 4-H ce sukan sassauta. Shawarata a sayi sagara ko matashin zakara da ya riga ya fitar da gashi maimakon tsako, domin ko a gidan gwani ba kowane tsako ne yake fitowa na gasa ba, kuma a kwana ɗaya ba mai iya gane wanne ne. Kafin ki karɓi zakara ki binciki dokar unguwarku, garuruwa da yawa sun hana shi saboda cara.

A nan sai in ja kunnenki, domin ta fuskar lafiya sau da yawa kamfani ya fi aminci. Akwai shirin gwamnati mai suna NPIP da aka fara a 1935 don kawar da cutar farin kashi ta 'yan tsaki, wadda ake kira pullorum, kuma manyan kamfanoni suna cikinsa. Suna kuma yin rigakafin cutar Marek a ranar ƙyanƙyasa kan 'yan sulalla idan kin nema. Ki nema, kada ki yi ƙwauron wannan, domin cuta ce mai shanye ƙafafun kaza tana 'yar wata uku ko huɗu, daidai lokacin da yaro ya gama shaƙuwa da ita, kuma ba ta da magani. Ƙananan masu kiwo kuwa wasu suna cikin shirin, wasu ba sa ciki, wasu ba sa rigakafi. Ki tambayi mai kiwon lambar NPIP ɗinsa ba tare da jin nauyi ba. Ki saurari numfashin kajinsa, ki dubi idanunsu ko akwai kumfa ko kumburi. Duk kazar da ta shigo gidanku daga waje, ko ta dawo daga gasa, a ware ta kamar wata guda kafin ta haɗu da sauran.

Lissafin lokaci kuma daga ranar gasa ake yin sa a koma baya. Kazar tsantsar iri tana son wata 6 ko fiye kafin gashinta ya cika, manyan irin su Brahma da Orpington ma sun fi haka jinkiri, don haka gasar Yuli ko Agusta tana son tsakin Janairu ko Fabrairu. Littafin gunduma zai faɗi ranar ƙarshe da dole kazar ta kasance a hannun yaro.

Idan odar kamfani kuka yi, gidan waya zai kira ki da sassafe, tun kafin ki isa kanta za ki ji kukansu daga cikin kwali mai huji-huji. Kwanduwar da tsako ya shanye kafin ya fito ita ke riƙe shi kusan kwana uku a hanya, don haka da ƙishi suke isowa. A riga an kunna musu ɗumi tun daren jiya, digiri 95 a ma'aunin nan, wato 35 a namu na gida, a rage digiri 5 na ma'aunin nan kowane mako. Yarinyar da kanta ta ɗauki kowanne ta tsoma bakinsa a ruwa kafin ta sake shi. In sun cure ƙarƙashin fitila suna tsuwa, sanyi suke ji. In sun gudu bango suna haki, zafi ya yi yawa. A duba bayansu kullum a makon farko, in kashi ya toshe a goge da ruwan ɗumi. Abincin tsaki za a ba su, kada a kuskura a ba su na masu ƙwai, sinadarin ƙashi da ke cikinsa yana lalata musu ƙoda. Kuma ta wanke hannu da sabulu duk sanda ta taɓa su, ba sumba, ba shigo da su kicin. Tsako lafiyayye ma yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela, shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su riƙa ɗaukarsu. In tana da ƙanne, ki kula.

Gab da gasa za a buƙaci takardar gwajin farin kashi, yawanci wanda aka yi cikin kwana 90, ko shaidar cewa daga garken NPIP kazar ta fito, don haka ki adana takardar da ta zo da akwatin. A yi mata wanka kwana biyu ko uku kafin ranar domin maiƙon gashi ya dawo, a yanke farce, a saba mata da zaman keji tun makonni kafin nan. Ki kuma shirya zuciyar yarinyar kan murar tsuntsaye: a 2015 Ohio ta soke duk gasannin kaji na shekarar, yara suka tsaya gaban alƙalai da hotuna da kajin roba, kuma cutar ta sake dawowa ƙasar nan tun 2022.

Da 'yata ce, ga abin da zan yi bana. Zan yi odar 'yan tsaki mata kaɗan daga kamfanin da ke cikin NPIP, da rigakafin Marek, iri mai sanyin hali, ta shiga iya nuna kaza da rukunin ƙwai. In Nuwamba ta zo tana nan da zafinta, mu tafi Columbus ta zaɓi irin da za ta yi wa hidima baɗi. Kuma Hajiya, don Allah ki bar mata aikin. Ki tsaya a bakin akurki ki nuna mata, amma ita za ta ɗebi ruwan, ita za ta kwashe shimfiɗar, ita za ta rubuta kuɗin abinci a littafinta. In kin sami littafin dokokin gundumarku, ki turo mini shafin kaji da ranar gasar, mu ƙirga makonnin tare.